Addu'a Ba Ta Sauke Nauyi

Wanda ya kira malami tantancewa, ya tsare shi a layi har magariba, sannan ya sallame shi da "Allah ya kiyaye hanya", ya ɗora wa addu'a nauyin da ke wuyansa. Mutanen Gwaram ba su manta harin Afrilun 2014 ba, dajin Balmo kuma yana nan inda yake. Malamar da za ta koma Dingaya cikin duhu a bayan ɗan acaɓa, wa ya tanadar mata masauki? 'Yan'uwa, in dare ya yi, a kwana a gari. In an tare hanya, a miƙa waya da kuɗi ba gardama. Reshenmu kuwa ya rubuta musu ɓaro-ɓaro: taron da zai wuce la'asar, ba da mu ba.