Ƙwayar Cuta Mai Famfo A Jikinta

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili kamar yadda aka saba, gama malamai suna ta tambaya, ƙaƙa maganin da ya warkar da mutum bara, bana ya sha shi a banza?

To, jama'a, dalilai suna da yawa, amma ga wanda ya fi ba ni mamaki. Akwai wata ƙwayar cuta, likitoci na ce mata E. coli, mai kawo gudawa da ciwon mafitsara. A cikin fatarta akwai ɗan famfo mai suna AcrB. Da magani ya shiga, sai famfon ya kwaso shi ya watsar waje tun bai yi aiki ba.

Cikin 2002 Satoshi Murakami da abokan aikinsa a Osaka, ƙasar Japan, suka gano siffarsa da hasken eksre, suka tarar ɗaki uku ne a haɗe. Cikin 2006 aka gane aikinsu bi da bi ne, kamar mata uku a turmi guda: wannan na karɓar magani, wannan na riƙe da shi, wancan na tofarwa. Aljihun riƙon kuwa faffaɗa ne, ba ya zaɓe. Don haka famfo ɗaya ke korar tetirasaikilin da kuloramfenikol da wasunsu. Nan fa hatsarin yake. In ƙwayar ta yawaita famfunanta saboda magani ɗaya, sauran magungunan ma sun raunana.

Masana suna bin wannan siffa su ƙera abin toshe famfon, amma har yanzu babu wanda ya kai ga majiyyata a asibiti.

Wassalam.

Naku,
Wani Akawu