Kun Sare Ɗorawa, Kuna Cigiyar Mimosa

Maganar wannan makon da masu sababbin gidaje muke, da maginan da ke ba su shawara, da masu sayar da fulawa na bakin titi. Wanda abin ya taɓa ya yi haƙuri, amma ba za mu janye ba.

Yayin da ake yi yanzu a Kano, kuma Kaduna da Katsina ba a bar su a baya ba, shi ne mutum ya sayi fili, kafin a haƙa fandisho ya sa a sare duk itacen da ya tarar a ciki. In gini ya ƙare sai a malale tsakar gida da siminti, ko a shimfiɗa intalok tun daga bakin get har ƙofar kicin, ba a bar wa ƙasa ko faɗin tafin hannu ba. Sai Afrilu ta zo, zafi ya haura digiri 40, simintin ya wuni yana shan rana ya kwana yana amayar da ita, ga shi babu wuta. A nan ne maigida zai tuna da tsiro. Ya buɗe waya, ya ga hoton wata bishiya mai ruwan ɗorawar fure a wani gida na Faransa, an rubuta mimosa, ya fara cigiyar inda zai samo irinta.

To bari mu gaya masa abin da mai fulawar ba zai gaya masa ba. Waccan mimosar ta hoto 'yar asalin kudu maso gabashin Ostireliya ce, ƙasa mai sanyi-sanyi, ita ce Italiyawa ke ba mata furenta ran 8 ga Maris. Ba don bazarar Kano aka yi ta ba. Kuma abin dariyar, danginta ne ya sa aka sare masa. Masana tsirrai a gida ɗaya suka sa ta da bagaruwa da gawo da ƙirya da ɗorawa. Duk mai shakka ya tsinko ganyen bagaruwa ya kara da hoton: ƙananan ganyaye jere biyu-biyu, da fure ɗan dunƙule rawaya mai ƙamshi. Ita kuwa ɗorawa, in ta rataya jajayen furanninta kamar ƙwallaye a ƙarshen hunturu, a nuna mana fulawar kanti da za ta tsaya kusa da ita. Launin da kuke yabawa a hoton ma, ai da sunanta kuke kiransa.

Kuma ɗorawa ba kyau kaɗai ta tsaya ba. Garinta abinci ne, kalwarta ita ce daddawar miyarku, ɓawonta ake jiƙawa a yi makuba ta yaɓen soro da daɓe. Bagaruwa da ita majema ke jeme fata tun kafin a san kemikal. Gawo shi ne mai abin al'ajabi: yakan zubar da ganye da damina lokacin da gero ke son rana, ya yi kore shar da rani lokacin da dabba ba ta da abin ci, kuma ƙasar ƙarƙashinsa ta fi ta ko'ina a gona albarka. Manoman Maraɗi da Damagaram sun san wannan. Tun daga shekarun 1980 suka riƙa barin kututture ya tofo suna yi masa sassabe maimakon su tumɓuke, har masu bincike suka ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Manoma ne da gatari da wuƙa. Mu kuma nan masu digiri da difloma, mai gida ɗaya ya kasa barin itace ɗaya.

Mun san hujjojin, don mun sha jin su. Wai saiwa tana fasa gini. Gaskiya ne, in ka dasa itace a jikin katanga ko a bakin sokawe. Ba da tazarar taku biyar ko shida, ka ga ko za ta bi ka ɗaki. Wai ganye na ɓata tsakar gida. Fisabilillahi, gidan da ake share ledar fiya wata safe da yamma, ganyen ne ya zama ƙazanta? Wai itace matattarar aljanu ne. Wannan ba za mu ɓata lokaci a kansa ba. Kakanninmu sun kwana a gindin tsamiya sun tashi lafiya. Hujjar da ke da ɗan nauyi ita ce ta ruwa, don mun san nawa ake sayar da jarka a Mayu. Amma ruwan alwala da na wanke hatsi da na ɗaurayar kwanuka da ke bin rariya kullum ya ishi dashe biyu su tsallake ranin farko, kuma itacen ƙasar nan in ya kama ƙasa ba ya sake roƙon kowa.

Batun ruwan ma, simintin ne ya fi ci muku shi. Ruwan sama in ya sauka a gidan da aka malale ba shi da inda zai nutse, sai ya fita lungu. Gida ɗari su yi haka, kwata ta cika da leda, a Agusta ruwa ya shiga ɗakin talakan da ke gangare, ginin ƙasarsa ya zube. In rani ya yi rijiyar unguwa ta ƙafe, kowa ya ce a ƙara zurfin bohal. Mai intalok ba ya ganin hannunsa a ciki, amma yana ciki dumu-dumu.

Ba cewa muke kowa ya dasa gawo a fili 50 da 50 ba. Gawo da ɗorawa manya ne, wurinsu makaranta, filin idi, maƙabarta, gefen titi, da gidan da ke da fili. Ƙaramin gida ga lalle, wanda ƙamshin furensa da daddare ya fi turaren kanti. Ga zogale, ga lemun tsami, ga gwaiba, ga rumman. Abin da ba mu gane ba shi ne doguwar bishiyar nan siririya 'yar Indiya, mai kama da lemar da aka naɗe, da ake jerawa a jikin katanga. Ko kaza ba ta samun inuwa a gindinta.

Haka batun furanni. Ana sayo iri a fakiti, bayansa an rubuta a shuka da lokacin zafi, mutum ya zuba a tukunya a Maris, kwana goma su ƙone, ya ce ƙasarmu ba ta karɓar fulawa. Lokacin zafin Ingila ai bai kai sanyin safiyar daminarmu ba. Kalandarmu bazara ce da damina da kaka da hunturu. Ziniya da marigol, waɗanda asalinsu Meziko ne, in aka shuka su bayan ruwa ya zauna sai sun ba da mamaki. Ga yakuwa da kuɓewa ma, wa ya taɓa tsayawa ya kalli furensu da safe kafin rana ta ɗaga?

Mu marubuta akwai waɗanda za mu ja wa kunne a cikinmu. Littafi bayan littafi, jaruma tana zaune a "gadin" mai furanni kala-kala, ko ɗaya ba shi da suna, kuma ba a taɓa yin zance a gindin ɗorawa ba sai in ana son a nuna ƙauyanci. Matashin da ya tashi da wannan karatu, me kuke zato zai yi wa itacen da ya tarar a filinsa? Alhali garuruwan da muke taƙama da su da itatuwa aka yi musu suna: Ɗorayi, Giginyu, Kurna, Rimin Kebe da Tsamiyar Boka a Kano, Gawon Nama a Sakkwato. Ku je Ɗorayi yau ku ƙirga mana ɗorawa nawa ta rage.

Mai son ya gwada, irin bagaruwa da na gawo ɓawonsu tauri gare shi: a zuba musu ruwan zafi a bar su su kwana a ciki, a shuka a ledar fiya wata da ƙasa da ɗan taki, a huda ƙasan ledar. A dasa a Yuli, a kifa tsohon kwando ko a kewaye da ƙaya saboda awaki. Wanda ya riga ya shimfiɗa intalok kuma, ba siminti ke riƙe da shi ba, yashi ne a ƙasa. Guda tara za ka ɗaga, rami ya samu.