Zama Aji Ɗaya Ba Shi Ne Karatu Tare Ba

Jama'a, ƙorafi gare ni, kuma ba zan yi kwana-kwana ba. Lokacin da na je gwajin koyarwa a wata firamare tsakanin Talata Mafara da Bakura, na tarar da wani yaro a bencin ƙarshe na aji huɗu. Ba ya fashi, ba ya makara, amma ko sunansa bai iya rubutawa ba. Da na tambayi dalili sai aka ce, "Ai kurma ne, Malam, sanƙarau ya toshe masa kunne." Wai kuma da shi ake tinƙaho, ana cewa makarantar ba ta ware kowa!

Shin wannan ne haɗa kurame da masu ji da ake ta yi mana shela? Malami na ta zuba da baki, ya ba yara ƙeya yana rubutu a allo, yaro na kallon bango. An sa sunansa a rajista, an aika lissafi ofishin ilmi. An yi ba a yi ba ke nan.

Masu kare wannan tsari kan ce ai duniya ce ta amince da shi a taron Salamanca na ƙasar Sifen a 1994. Haka ne, amma su karanta takardar har ƙarshe. Ita kanta ta ce a koyar da kurma da harshen hannu na ƙasarsa, har ta ƙara da cewa mai yiwuwa makaranta ko aji na musamman ya fi dacewa da shi. Mu sai muka ɗauki rabin da ba ya cin kuɗi, muka yar da sauran.

Ba yau aka fara yanke wa kurma hukunci a bayan idonsa ba. A 1880 malamai masu ji suka taru a Milan ta Italiya, suka ce a raba makarantun kurame da maganar hannu. Sai a 2010, a Bankuba ta Kanada, magadan taron suka janye wannan hukunci suka nuna nadama. Shekara 130 ana cutar bayin Allah da sunan taimako.

Abin kunya ga mu ɗaliban Hausa shi ne kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu, watau maganar hannu, har da Sarkin Bebaye a Kano. Alamomin da makarantu ke amfani da su, irin ta Tudun Maliki da aka buɗe a 1977, asalinsu na Amurka ne, waɗanda Andrew Foster ya kawo da ya kafa makaranta a Ibadan a 1960. Namu na gida kuwa, sai da wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna a Kano ta fitar da littafi a kansa a 2000. Mu nawa ne a nan muka taɓa ɗaukar wannan harshe don kundin digiri?

Ƙungiyoyin kurame fa, yaushe ake tunawa da su? Sai azumi ya zo za a raba shinkafa a ɗauki hoto. Alhali mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Su suka san ƙauyen da aka ɓoye yaro, su suka san tafintan ƙwarai da na jabu, su ne za su koya wa uwa yadda za ta yi hira da ɗanta. Ku dubi Jami'ar Gallaudet ta Amurka: a 1988 ɗalibai kurame suka rufe ta sai da aka naɗa kurma, I. King Jordan, ya shugabance ta. Haɗin kai ne ya ba su, ba tausayi ba.

Sanƙarau ya yi ɓarna a Zamfara a 2017, kuma cikin yaran da suka tsira akwai waɗanda suka rasa ji. A Janairun 2019 aka sa hannu a dokar tarayya mai hana nuna wa naƙasassu bambanci. To, sai a cika ta: a ware aji ɗaya na kurame a babbar firamaren Mafara da ta Bakura da ta Maradun, a ɗauki kurame masu ilmi aikin malanta, Kwalejin Ilmi ta Maru ta koya wa malamai harshen hannu, kuma kada a sake zaman tsara ilmin kurame babu wakilin ƙungiyarsu da tafinta.

Yaron nan ba daƙiƙi ba ne. Mu ne muka kasa koyon harshensa.