Ra'ayinmu: Sunan Wa Za a Rubuta a Katin Gayyata?

Duk shekara idan 5 ga Oktoba ta gabato, ranar da UNESCO ta keɓe wa malaman duniya tun 1994, kwamitin shirye-shirye kan zauna domin tsara katin gayyata da jadawalin biki. Wasu na ganin aikin bai wuce na maɗaba'a ba. Mu kuwa a ganinmu, a jikin wannan 'yar takarda ake gane wanda ƙungiya ta ɗauka da daraja.

Babu laifi a fara da manya. Wajibi ne a rubuta sarautun iyayen ƙasa daidai, Sarkin Pauwa a Ƙanƙara, Sarkin Yamma a Faskari, Kogo a Sabuwa, domin kuskuren harafi ɗaya abin kunya ne gare mu masu koyar da rubutu. Sai dai mun sha ganin kati ya cika da uban taro da babban baƙo da baƙi na musamman, har aka rasa gurbin mai riƙe alli. Katin kan isa gidan ɗan siyasa da mako biyu, amma malamin 'Yargoje ko Yankara ko Damari sai dai ya tsinci labari a bakin mutane ana gobe biki.

Saboda haka muna kira ga kwamitin bana da ya buɗe jerin sunaye da malaman da suka yi ritaya, da matan abokan aikinmu da suka rasu, da marayunsu. A buga katin da Hausa da Turanci, a kai shi hannu da hannu ta wajen hedimastoci. Saƙon WhatsApp kaɗai bai wadatar ba. Ba mu manta da 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumominmu uku.

Jadawali ma a tsara shi da sanin halin da muke ciki. Tun daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, babu malamin da bai san abin da faɗuwar rana ke nufi a hanyoyinmu ba. A fara da ƙarfe goma, ko babban baƙo ya iso ko bai iso ba, a tashi kafin azahar, kowa ya isa gida da sauran rana. A ƙayyade wa kowane mai jawabi mintunansa. A ware lokacin yi wa mamatanmu addu'a, sannan a ba malamin ƙauye guda ɗaya dama ya karanta kokenmu kan ƙarin girma da fansho a gaban manya, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kafin a kai rubutun maɗaba'a, muna roƙon a karanta shi a gaban wakilan rassa, kowa ya ji sunan nasa. Allah Ya kai mu ranar lafiya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.