Baƙin man tsohuwar akori-kura

Tsohuwar akori-kura ƙirar Peugeot 504 da ke jigilar hatsi daga Lajawa zuwa kasuwar Wudil ranar Juma'a ba ta son baƙin mai tsinkakke. Injin da ya sha aiki ringinsa ya saki, don haka mai kauri irin 20W-50 ne ke riƙe shi a zafin bazara. Tsinkakke kuwa ƙonewa yake yi, shuɗin hayaƙi ya riƙa fita ta salansa. Man kwalba na bakin titi ganganci ne, komai araharsa. Ƙurar hunturu na sa a matso da lokacin juye, a sauya filta tare. Birki kuwa sai man birki irin DOT 3 ko DOT 4, domin baƙin mai yana kumbura robobinsa.