Kada A Janye Wa Dajin Kamuku Doka

Jama'a, masu iya magana sun ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Akwai wani rumbu a ƙasar Birnin Gwari wanda mu ke shirin cinna wa wuta da hannunmu, watau dajin Kamuku da namun da ke cikinsa. Ina roƙon wanda ya karanta wannan ya karanta wa maƙwabcinsa da bai shiga ajin yaƙi da jahilci ba tukuna, don maganar ta shafe mu duka.

Tun cikin shekarar 1936 aka keɓe wannan daji ya zama gandun En'e ta Birnin Gwari. Cikin 1999 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi, ta sa shi cikin manyan gandun dajin ƙasa, ta yi doka ta hana farauta da saran itace a cikinsa. Faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 1,120, kogin Mariga ne ya raba shi da dajin Kuyambana na Zamfara. An san shi da giwa, da gwanki, da kanki, da gada, da mugun dawa, da birai, da tsuntsaye irin su burtu da tuje.

To, kowa ya san masifar da ta auka wa ƙasar nan. 'Yan bindiga suka mai da dajin gidansu, suka kashe bayin Allah, suka kore shanu, suka tare hanyar Kaduna, har noma ya gagara. Ba wanda zai ga laifin mutumin da aka kashe wa ɗa in ya ƙi jinin dajin. Cikin 2022 ma Gwamnan Kaduna na lokacin, Malam Nasiru El-Rufa'i, ya ba da shawara a yi wa dazuzzukan ruwan bamabamai, daga baya a sake dasa itatuwa. Da aka yi sulhu a ƙarshen 2024, aka buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, sai hankalin mutane ya koma kan ƙasar dajin. Mai neman gona yana hange, mai gawayi da mai katako suna wasa gatari, mai haƙar zinariya yana auna rami. Hujjarsu duka ɗaya ce, wai in ba daji ba ɓarawo.

Wannan hujja ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Dajin nan ya yi shekaru da yawa a keɓe, mutane na bin hanya lafiya dare da rana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɓarayi sun sami daji ne sa'ad da hukuma ta yi rauni a cikinsa, masu gadi suka rasa yawa da kayan aiki. Maganin wannan shi ne a komar da hukuma cikin daji da ƙarfinta. Itace kuwa ana iya dasa wani, amma wa ya taɓa dasa giwa? Giwa takan yi wata 22 da ciki, ta haifi ɗa guda, sa'an nan ta yi shekara huɗu ko biyar kafin ta sake. Garken da bindiga za ta ƙarar cikin rani ɗaya, jikokinmu ma ba za su ga ya komo ba.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A Amurka akwai wata babbar dabba mai gashi, dangin beyar, ana ce da ita girizili. Aka yi ta harbinta har ta kusa ƙarewa. Cikin 1975 Gwamnati ta sa ta ƙarƙashin dokar kariya, sa'ad da waɗanda suka rage a yankin gandun Yalosuton ba su kai 200 ba. Da doka ta tsare su sai suka haura 700. Cikin 2017 aka ce ai sun yi yawa, aka janye dokar. Nan da nan jihohin Wayomin da Aidaho suka shirya ba maharba izinin harbinsu cikin 2018, sai da wani alƙali a Montana ya mai da dokar cikin watan Satumba na shekarar, sa'an nan bindigogi suka koma gida. Ku duba, shekara ɗaya tak tsakanin janye doka da ɗana kunama! Kusa da mu kuma, a Kure ta ƙasar Nijar, raƙuman dawa sun ragu har wajen 50 cikin 1996. Da aka tsare su, mutanen ƙauyuka suka sa hannu, sai suka wuce 600, har baƙi na zuwa kallonsu suna biyan kuɗi.

Ni ban yi faɗa da maharbin da ya gaji baka da kibiya wurin ubansa ba, wanda ke neman abin miya a inda doka ta yarda. Maharban da suna da ladabin daji, ba sa harbin mai ciki ko mai goyo. Faɗana da mai kuɗi ne, wanda zai sa a kashe gwanki don ya rataya ƙahonsa a zaure, ko a kashe giwa don haure, a bar wa ungulu tulin nama. Ba yunwa ta kai shi ba, alfahari ne. Malamanmu sun karantar da mu cewa ko tsuntsu mutum ya kashe don wasa, za a tambaye shi ran gobe. Cinikin haure tsakanin ƙasashe an hana shi tun 1989, cikin Janairu 2024 kuma Gwamnati ta niƙe hauren da aka kama, tan biyu da rabi, a Abuja. Kowane haure biyu cikin tulin nan giwa guda ce da aka rasa.

Wani zai ce, to, manomin da giwa ta tattake wa dawa fa? Gaskiya ne, kukansa abin ji ne. Hakkinsa ne a aiko ma'aikata su kore ta, a kuma rage masa hasara. In aka bar talaka da hasara shi kaɗai, dole ya ga dabba abokiyar gabarsa ce, ya buɗe wa maharbin haure ƙofa.

Saboda haka ga abin da ya kamata. Na ɗaya, iyakar gandun ta tsaya inda ta ke, kada a yanki ko taki ɗaya a ba wani. Na biyu, a ƙara masu gadi, a ɗebe su daga 'ya'yan Gwari da Kamuku da Hausawa da Filanin da ke zaune gefen dajin, gama su suka san turbobinsa, a biya su albashi kan kari. Na uku, hukunci ya hau kan mai sayen ƙaho da fata kamar yadda ya ke hawa kan wanda ya harba, kome girman rawaninsa. Na huɗu, hakimai da dagatai da sarakunan baka su riƙa faɗakar da jama'a a kasuwa da masallaci.

Kai kuma da ka koyi karatu da rubutu, ga ranar amfaninsu ta zo. Ɗauki alƙalami ka rubuta wa wakilinku na majalisa, ka tambaye shi abin da ya yi game da Kamuku. In ka ga ana sayar da haure ko fatar dabbar da aka hana, ka kai rahoto wurin dagaci. Waɗanda suka keɓe dajin nan cikin 1936 ba su ci moriyarsa ba, mu suka bar wa. Allah ya ba mu ikon miƙa shi ga na baya da namunsa a ciki, amin.