Don Fim Ya Shiga Gidan Caca Sai Mu Rufe Ido?

'Yan uwa marubuta, a zamanmu na kwanan baya da aka ambaci fim ɗin Croupier na 1998, sai wasu suka yi caa, wai ƙaramin fim ne na 'yan caca, ba abin da marubuci zai tsinta a ciki. To, mu dai ba mu yarda ba, kuma ga dalilinmu.

Mike Hodges ne ya ba da umarni, Paul Mayersberg ya rubuta labarin, Clive Owen ya fito a matsayin Jack Manfred, matashin da ke son zama marubuci a Landan. Mai buga littattafai ya nemi ya rubuta labarin ƙwallon ƙafa, alƙalami ya ƙi motsi, aljihu ya bushe. Sai mahaifinsa daga Afirka ta Kudu ya sama masa aikin raba karta a gidan caca. Nan fa rubutu ya ɓalle masa, domin ya san aikin kamar yunwar cikinsa: yadda ake ƙirga kuɗi, yadda dokar gida ta hana ma'aikaci hulɗa da mai wasa, yadda fuskar mutum ke sauyawa idan ya yi asara.

Wannan shi ne ciwonmu. Mu da muke duba insha'in ɗalibai mun gaji da labaran gidajen bene da motocin da marubucin bai taɓa shiga ba, alhali ga tashar mota, ga shagon tela, ga ofishin da yake wuni kullum. Sai a ce rashin jari ne. Ina ruwan jari da sanin abin da kake rubutawa? An yi fim ɗin nan da kuɗi kaɗan, bai yi kasuwa a Ingila ba da farko, sai a 2000 Amurkawa suka karɓe shi hannu bibbiyu.

Masu cewa tallar caca yake yi, anya sun kai ƙarshensa? Caca haramun ce, ba mu ja ba. Amma Jack ya karɓi fam 10,000 don ya taimaka a yi fashi a gidan, fashin ya ci tura, budurwarsa Marion ta mutu, daga baya ya gane mahaifinsa ne ya kitsa komai. Littafinsa ya yi kasuwa ba tare da sunansa ba, shi kuwa zuciyarsa ta ƙeƙashe, ba abin da ke faranta masa sai ganin mutane suna asara. Wace irin talla ce wannan?

Likita ba ya warkar da gyambon da ya ƙi kallo. Mu rubuta abin da muka sani, amma kada mu zama Jack, masu cin riba da hawayen jama'a. Wanda ke da ja, ga fili ga mai doki a fitowa ta gaba. Allah Ya sa mu dace.